Illo Mai Katifa da Buhun Kwana

Mutanen nesa sun ɗauka Sakkwato ba ta iya komai ba sai zafi. Allah ya ba su haƙuri. Su zo tsakiyar hunturu su yi alwalar asuba da ruwan randa, sannan mu ji ta bakinsu. Ɗarin garin nan gajere ne amma ba ya wasa, kuma duk faɗin Ƙofar Dundaye babu wanda zai ba ka labarinsa kamar Malam Illo mai katifa. Ban ce Allah bai halicci matsoracin sanyi da ya fi shi ba, amma dai ba a unguwar nan ba.

Tun iska ba ta gama juyawa ba Malam Illo yake shiga shiri. Singileti biyu, taguwa, wata tsohuwar kwat ta gwanjo mai kaiwa gwiwa, sannan ya ɗora babbar riga a kai. Hular sanyi a ƙasa, hular mutunci a bisa, tawul a wuya, safa a ƙafa, kaskon wuta a gabansa. Mutum ne siriri kamar sillen kara, amma da hunturu shi kaɗai yake cika ƙofar rumfa. 'Yan unguwa ba sa jiran rediyo ya gaya musu sanyi ya kusa. Da an ce "Illo ya hiddo kwat," sai mata su fara shanya barguna. Matarsa Tani kuwa cewa take yi, shekara arba'in da aurensu, ba ta taɓa ganin wuyan mijinta ba daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu.

Sana'ar katifa gadonta ya yi. A rumfar nan ta bakin titi ubansa ya zaunar da shi tun yana ɗan shekara bakwai, ya koya masa bugun audugar rimi da tsumagiya biyu har ta tashi ta yi laushi, da cusa ta cikin yadi a hankali, ba rami ba tudu, da soka basilla ta ratsa daga bisa zuwa ƙasa a ɗaure don kada audugar ta gudu gefe guda. A zamanin da abin yake ci, mutum huɗu ne ke aiki a ƙarƙashinsa. Amare daga Runjin Sambo har Dundaye a kan katifarsa suka tare, kuma cikin yaran da aka haifa a kanta yau wasu har sun fara furfura. Yana da wata magana da yake yi wa duk wanda ya tsaya tayi: "Abin da ke ƙarƙashinka ya hi abin da ke bisanka." Kowa ya ɗauka bakin talla ne kawai.

Sai katifar soso ta shigo gari, ko sallama babu. Ga ta sakayau, ga ta cikin leda, ga furanni a jiki. Amare suka ce su fa in ba ita ba sai dai su kwana a ƙasa. Ma'aikatan Illo suka watse ɗaya bayan ɗaya, wannan ya kama tuƙin keke, wancan ya tafi Kalambaina fasa dutse. Aka bar shi da ɗinkin matashin kai da gyaran katifun tsofaffin mata waɗanda suka rantse soso yana sa musu ciwon baya. Wani makon ma sai ya wuce basilla ba ta shiga yadi ba. Duk da haka bai taɓa fashin fitowa ba. Da hantsi zai share rumfa, ya yayyafa ruwa, ya jera matasan kansa uku, ya zauna. Mai wucewa ya tsaya a gaisa, dattawa su zo a taɓa hira, wata ta aiko a tambaye shi ko audugar nan da ta sayo ta gari ce. A rumfar nan shi Illo mai katifa ne, mutum mai wurin zuwa da safe.

Babban ɗansa Nura ma'aikacin lantarki ne a kamfanin siminti na Kalambaina, yana zaune a Runjin Sambo da iyalinsa. Ɗa ne na kirki, wannan babu ja. Bai taɓa barin gidan ubansa ba hatsi ba. Sai dai yana cikin mutanen nan da in suna ƙaunarka, sai su tsara maka rayuwarka ba su tambaye ka ba. Wata Juma'a da aka sauko masallaci ya biyo, ya durƙusa ya gaida tsohon, ya ce:

"Baba, don girman Allah ka huta hakanan. Wagga auduga ta cinye maka ƙirji, ido ya rage, kuma ba wani ciniki ake ba. Akwai wani mai kayan waya da ka son wurin. In ɗari ya wuce sai a ba shi, kai kuma ka zamna gida. Ci da sha duk nawa na."

Malam Illo ya daɗe yana juya garwashi a kasko, sannan ya ce, "To, Allah shi kai mu."

Amma maganar ta soke shi. Ya san abin da ake nufi da zama gida: tabarma a zaure, carbi a hannu, jiran a miƙo kwano. Ya ga abokansa da aka yi wa irin wannan gatan, shekara guda sai ka ga mutum ya yamushe, ko sunansa an daina ambata a titi. Tsoro ya kama shi, tsoron da ya fi na sanyi nesa ba kusa ba. Abin haushin kuma ba shi da bakin musu, don babu ciniki ko ɗaya da zai nuna ya ce ga hujjarsa. Tsakaninsa da rufe rumfa bai fi wata biyu ba.

Ana cikin haka sai ga Mode. Mode taubashin Illo ne, ɗan kawunsa, manomin albasa a fadamar Kwalkwalawa da ke bakin gulbi. Tun daga dashe har a cire albasa a gona yake kwana, shi da maƙwabtansa, suna tsaron injin ban-ruwa daga ɓarayi, suna tsaron shuka daga shanu. Ya shigo yana tari, murya a dushe, ya jefa wani yagaggen bargo a cinyar Illo.

"Kai bawana, ɗunke mini wanga. Ɗari na son kashe ubangidanka."

"Allah shi ba shi sa'a," in ji Illo. "Barguna nawa kake ruhwa da su?"

"Uku."

"A kan mi kake kwana?"

"Tabarma mana. A kan mi zan kwana, gadon sarki?"

Illo ya tafa hannu. "Ka ji wawa! Ƙasar hwadama da ruwa ke kwance cikinta, ka shimhiɗa tabarma kamar ganyen ayaba, ka tara barguna bisa? Ɗari ba ta sama shike cin ka ba, ta ƙasa shike tsotse ka. Kuma da ka juya bargo ya ɗaga, iska ta shiga ta kwashe ɗan ɗumin da ka tara. Ko barguna goma ka ruhwa, aikin banza na."

"To malamin ɗari, katihwa zan ɗauka bisa kai in tahi da ita gona?"

Mode ya faɗi haka ne don tsiya, ya karɓi bargonsa ya yi gaba. Amma maganar ta zauna wa Illo a rai. Katifar da za a ɗauka a tafi da ita gona. Katifar da ba a kanta kaɗai ake kwana ba, a cikinta ake kwana. Ai kuwa washegari maƙwabta suka ji ƙarar tsumagiya a rumfa tun da sassafe, ƙarar da suka daɗe ba su ji ba.

Kwana uku yana abu guda, barci ma sai ɗan gyangyaɗi. Ya yi shimfiɗar ƙasa mai kaurin yatsa huɗu, ya yi ta sama marar nauyi, ya haɗe su ta ƙafa da gefe biyu ya zama buhu mai tsawon mutum. A bakin ya yi ƙubaka ya zura zariya irin ta wando, yadda in mutum ya shiga zai ja ta tattare a fuskarsa. In an naɗe, bayan keke ma ya ɗauka. Yadin da ya rage masa a rumfa kuwa guda ne, bandir ɗin farin alawayyo da yake yin cikin matashi da shi, don haka da shi ya yi.

A rana ta uku Tani ta leƙo da kwanon abinci, ta ga abin shimfiɗe a ƙasa, fari fat, dogo, an tsuke bakinsa. Ta tsaya turus.

"Malam, wanga abu bai yi kama da..."

"Kama da mi? Diba ɗunki, ke dai! Ko allura ba ta samun hanya, balle iska."

Tani ta haɗiye sauran maganarta ta ajiye kwano. Shi mai sana'a ɗinki kawai yake gani.

Ya aika wa Mode, Mode ya zo da maƙwabtan gonarsa biyu, Ibrahim da Abdulwahabu. Illo ya warware buhun a gabansu yana murmushi, yana jiran yabo. Mode ya ja da baya har ya taka kaskon wuta.

"A'uzu billahi! Illo, likkahwani ka ɗunka mini? Gonata kake son gada?"

Ibrahim ya fashe da dariya har ya dafa bango. Abdulwahabu kuwa bai yi dariya ba, addu'a yake tofawa a ƙirji.

"Buhun kwana na," in ji Illo. "Ka shiga ka ji."

"In shiga? Ni da raina? Ranar da za a sa ni cikin irin wanga, ba da ƙahwata zan shiga ba. Ka aje kayanka, kai ka hi ni kusa."

Kafin la'asar labari ya gama unguwa: Illo ya rasa ciniki ya koma ɗinka wa masu rai likkafani. Rumfar da ta yi shekaru ba ta ga taro ba ta cika maƙil, amma duk 'yan kallo ne, kowa ya leƙa ya kama baki ya fita yana ƙyaƙyatawa. Da magariba Nura ya bugo waya, ransa a ɓace.

"Baba, mi nike ji? Har wurin aiki ana yi mini dariya. Don Allah ka daina ba mu kunya. Abin ga da nike hwaɗi ke nan, zaman rumfar nan ya isa."

Ya kashe waya. Illo ya zauna da ita a hannu, kunya da baƙin ciki sun cika masa ciki. Sai kuma zuciya ta taso masa, irin ta mai haƙuri, wadda ba ta tashi sai ta tashi gaba ɗaya. Da safe ya tare Mode a gaban mutane ya ce shi da kansa zai kwana a cikin buhun, a fadama, a fili, nesa da wuta.

Jama'a, Illo! Illon da ko zagayawa bayan gida ba ya yi da hunturu sai da kasko! Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce a yi masa addu'a. Tani ta roƙe shi har da ƙwalla, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai ya je, kuma kada wanda ya gaya wa Nura. Mode ya ce, "In ka tashi da rai, na ɗauka. In ba ka tashi ba, an huta ɗunki."

Bayan la'asar Mode ya goya shi a babur, buhu naɗe a tsakaninsu. A fadama Illo ya nuna cewa tsoron abu ma ilimi ne, don wanda ya shekara sittin yana gudun sanyi ya san duk hanyoyin da yake bi. Ya ƙi kwari, ya ce nan sanyi yake taruwa ya kwanta. Ya zaɓi wani ɗan tudu a gefen hanyar da ke fita zuwa titi, bayan shingen kara mai tare iska. Ya tattaro busasshen karan shinkafa ya baza da kauri, ya shimfiɗa buhu a kai. Bayan isha ya ci tuwo mai zafi ya ƙoshi, ya kora da kunun da Tani ta zuba masa a filas, ya ce ciki wofi ba ya riƙe ɗumi. Sannan ya yi abin da ya sa manoman suka bar wutarsu suka zo kallo: ya tuɓe. Babbar riga, kwat, tawul, singiletin da suka jiƙe da gumi, duk ya cire, ya ce rigar da ta sha gumi da asuba ƙanƙara take zama. Mode ya haska shi da tocila yana kiran sauran su zo su ga wuyan Illo, abin da ko matarsa ba ta gani. Ya sa busasshiyar taguwa guda, da safa, da hular sanyi, ya jera takalmansa a gefe, ya yi bisimilla ya zura ƙafa. Ya ja zariya har sai da ya rage hanci da baki da gemu kawai a waje, don ya ce numfashi in ya shiga ciki jiƙa auduga yake yi.

"Sai da sahe, in da rabo," in ji Mode, suka koma bukkarsu.

Gaskiya ita ce Illo ya tsorata ƙwarai. Ya kwanta yana kallon taurari, yana jin iska tana kaɗa shingen kara, yana jin tarin Mode daga can bakin wuta, yana jiran sanyi ya iso. Duk addu'ar da ya sani sai da ya karanta, wadda ya manta ƙarshenta ma ya karanta rabin. Ya motsa yatsun ƙafa, ya ji su da ɗumi. Ya ce to, bai iso ba tukuna. Ya saurari bayansa, inda sanyi ya saba fara kama shi, ya ji lafiya lau. Kan hancinsa kaɗai ke gaya masa abin da ake ciki a waje. Can sai ya ji dariya ta taso masa, shi kaɗai a tsakiyar fadama, dariyar murna. Daga nan barcin kwana uku da ya tara ya danne shi.

Da asuba Mode ya ƙwala masa kira sau biyu daga bakin bukka. Illo ya yi gurnani cikin barci, Mode ya ɗauka amsawa ce. Suka yi salla, suka tada injin ban-ruwa, kowa ya ɗauki fartanya ya nufi can ƙarshen gonarsa juya ruwa. Inji yana ta ruri kusa da tudun, shi kuwa mutuminka ko motsi.

Gari ya waye, mutanen ƙauye suka fara bin hanyar zuwa birni. Wasu mata masu tallan nono ne suka fara gani: abu dogo, fari, an ɗaure ta kai, ga takalma a jere a gefe. Suka saki salati. Kan ka ce kwabo masu kayan gwari da masunta da masu keke sun taru, sun yi da'ira daga nesa. Babu wanda ya matsa, don kowa ya san wanda ya fara taɓa gawar da aka tsinta shi zai wuni wurin 'yan sanda. Kaurin auduga ya ɓoye motsin ƙirji, rurin inji ya haɗiye minshari.

Cikin taron akwai Lawali, mai keke mai ƙafa uku da ke zuwa ɗaukar kayan miya, maƙwabcin Nura ne a Runjin Sambo. Ya miƙa wuya, ya ga hanci, ya ga gemu.

"Inna lillahi! Malam Illo mai katihwa na, baban Nura!"

Lawali kuwa irin mutanen nan ne da wayarsu ta fi hankalinsu sauri. Kafin wani ya ce a dakata, ya riga ya buga. Nura yana kan tada babur zai tafi aiki ya ji an ce, "Ka yi haƙuri, an ishe Baba kwance a hwadamar Kwalkwalawa, har an yi mai sutura." Bai tambayi wa ya yi suturar ba. Wa yake da hankalin tambaya a irin wannan lokaci?

Rana ce ta fara taɓa hancin Illo. Ya farka a hankali, jiki ya yi laƙwas don daɗi, ido a rufe, sai ya ji muryoyi a kansa.

"Allah shi jiƙan shi, mutumin kirki na."

"Bai taɓa cusa tsumma cikin auduga ba. Katihwar da ya yi wa uwata har yau tana nan."

"Irinsu sun ƙare. Yanzu wa ka iya wanga aiki?"

Illo ya yi lamo yana saurare. Rabon da ya ji an yabi aikinsa haka har ya manta, kuma, Allah ya yafe masa, bai yi gaggawar buɗe ido ba. Yana cewa a ransa, wane bawan Allah ne wannan mai irin sana'ata? Sai ya ji zafin ranar ya yi yawa a fuskarsa. Rana! Ya tashi zaune zumbur ya ƙwala, "Subhanallahi, salla!"

Wayyo jama'a! Ƙwaryar nono ta tashi sama, wani ya afka cikin kwalbatin ruwa, wani dattijo da ya zo da sanda ya bar sandar a wurin. Lawali ya manta yana da keke, da ƙafa ya kai titi. Illo kuwa garin sauri zariya ta ƙulle, ya miƙe tsaye cikin buhu yana tsalle yana kiran a zo a kwance shi, wanda hakan bai ƙara wa kowa ƙarfin zuciya ba. Mode ya sheƙo da gudu da fartanya, ya ga abin da ake ciki, ya zube a kan kunyar albasa yana dariya har numfashinsa na ɗaukewa. Da ƙyar ya iya kwance ƙullin.

Illo bai kula kowa ba. Ya fito, ya yi alwala da ruwan gona, ruwan da a gida ko da kuɗi ba zai taɓa ba, ya fuskanci gabas ya tada sallar da ya makara, cike da kunyar Ubangijinsa. Mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa yana cewa shi dama bai gudu ba.

Yana zaune a tahiya babur ya shigo a guje. Nura ya sake shi ya faɗi ko jingine shi bai yi ba. Ba hula, ba rigar sanyi, takalmi ƙafa ɗaya, fuska jage-jage da hawaye. Ya keta taron, ya ga farin buhu yashe a ƙasa ba kowa ciki, ya ɗaga kai ya ga bayan ubansa, siriri, cikin taguwa guda, yatsa a miƙe. Ya tsaya kamar an dasa shi. Sai da tsohon ya yi sallama dama da hagu, sannan Nura ya zube a gabansa ya kama ƙafafunsa, magidanci mai 'ya'ya uku, yana kuka da sauti kamar yaron goye. Dariya ta ɗauke a wurin. Mode ma ya juya kai yana goge ido da hula.

"Baba, ka yahe mini. Duk hanya ba abin da nike tunawa sai maganar da na hwaɗa maka a waya. Na ce ni na kore ka, ni na kashe ka."

"Kai, tashi, mutane na kallo," in ji Illo. Ya kama hannuwan ɗan, ya ji su kamar ƙanƙara. "Diba hannunka! Haka ka hau babur cikin wanga ɗari ba ko riga? Ba ka da hankali?"

Ya jawo buhun ya cusa hannuwan Nura a ciki har gwiwar hannu. Nura ya ɗago ya dubi ubansa. Ɗumin jikin tsohon yana nan a cikin audugar, bai tafi ba.

Ganin haka Mode ya matso ya zura nasa hannun, sai Ibrahim, sai Abdulwahabu, bayan ya yi bisimilla sau uku. Masunta ma suka bi layi. Mode ya share murya ya ce mutumin da ya kwana a fadamar Kwalkwalawa tsakiyar ɗari har aka yi masa salati bai farka ba, to abin da ya kwana a ciki ba abin wasa ba ne. "Na ɗauka. Amma wallahi ba hwari ba. Ko baƙi, ko ja, ko kalar hawainiya, amma ba hwari ba."

Wannan matsalar Tani ce ta warware ta. Da labari ya iso mata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce, "Ban hwaɗa maka ba?" Ya ce ba ta faɗa ba. Ta ce, "Ka bari in hwaɗi?" Ta shiga ɗaki ta kwaso tsofaffin zannuwanta na atamfa, ta bi maƙwabta ta karɓo nasu. Shi ya sa yau in ka bi fadama da sanyin safiya za ka ga ƙarti majiya ƙarfi, masu gemu, suna fitowa daga buhuna masu furanni da tsuntsaye. Masu gadin shaguna sun ji labari sun zo, direbobin da ke kwana a layin ɗaukar siminti sun zo, har mutumin da ya tafi fasa dutse ya dawo bugun auduga. Ba arziki Illo ya yi ba, kada in yi maka ƙarya, cinikin na wata uku ne a shekara. Kuma bai sake kwana a waje ba, ya ce sau ɗaya ya isa shaida.

Amma tun a ranar, kafin duk wannan, magana ta riga ta ƙare. Nura ne ya goyo shi zuwa gida. Tsohon ya mayar da kayansa, ya bar wa Nura babbar rigar ya rufa. Suna tafe a hankali har suka hango Ƙofar Dundaye. Sai Nura ya rage gudu.

"Baba, maganar rumfa."

"Ina jin ka."

"A bar ta. Ko mutum guda bai saye ba, a bar ta. Gara in biyo da sahe in ishe ka ciki kana tari, da in biyo in ishe wani."

Suka wuce masu ƙosai. Daɗi ya cika Illo har ya rasa inda zai sa kansa. Sannan ya dafa kafaɗar ɗansa ya ce, "Ba kowane uba ka ganin kukan mutuwarshi da idonshi ba. Ni na ga nawa, kuma ya ishe ni."

Nura ya ce zai kai shi gida ya huta. Illo ya ce a'a, a sauke shi a rumfa, hantsi ya yi bai share ba.